Ƙarfen da Na Ɗinke a Maɗaurin Busol

Akwai wani ɗinki da na taɓa yi wanda ko tsufa ya kwashe min komai a kai, shi ba zai tafi ba. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na yi shi wata rana bayan la'asar a ƙofar ɗakina a unguwar Djamboutou cikin garin Garoua, kuma har yau in na zura zare a allura sai ya faɗo min a rai.

Ni tela ce ta cikin gida. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da furfura ta fara leƙo min na shiga ajin manya, na koyi haɗa baƙi da karanta lambobi. Da wannan ɗan abin nake rubuta muku. 'Ya'yana biyar, amma labarin na babban ne, ɗan farina. Ba zan rubuta sunansa ba, don ko da baki ban taɓa kiransa ba. Haka muka taso muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. In ya faɗi sai ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ni kuwa na riƙe wannan abin da hannu biyu, har mata suna yabona a kai. "Kai" nake ce masa, shi kuma ya ce min Dada.

Tun yana ƙarami ruwa ya ɗauke masa hankali. A aike shi kasuwa, sai a tsince shi ƙarƙashin gada yana iyo a Binuwai. Ni kuwa wannan kogin ya cinye min ƙane tun ina budurwa, sai bayan kwana uku aka ga gawarsa. Duk ranar da yaron nan ya shigo da jiƙaƙƙen wando sai ƙanen nan ya faɗo min a rai, amma abin da ke fita bakina bai wuce "je ka shanya" ba.

Da ya girma ya koma Lagdo, inda aka datse kogin ya zama babban tafki, yana gyaran injin jirgin ruwa. A can ne wasu masu aikin ceto suka zo neman samarin da za su koya wa nutso da tukunyar iska a baya, irin waɗanda ake kira in jirgi ya kife ko wani ya nutse. Aka ɗauke shi cikin masu koyo. Wata da watanni suna yi, kuma a ƙarshe akwai jarrabawa: wanda ya ci, aiki ya samu, wanda ya faɗi ya koma inda ya fito. Mahaifinsa ya riga ya rasu a lokacin. Ban taɓa ganin yaron nan yana son wani abu kamar yadda ya so aikin nan ba.

Kwana biyu kafin jarrabawar ya zo gida da jakar kayansa. Ina kan keke ina ɗinki ya tsuguna a gefena, ya fito da wani abu kamar agogon hannu, sai dai ya fi agogo kauri.

"Dada, maɗaurin nan ya tsage. Ko za ki yi min wani da roba mai talewa?"

Na karɓa ina juya shi. "Agogon naka ma ai ya lalace. Hannu ɗaya gare shi, shi ma sai rawa yake."

Ya yi dariya. "Ba agogo ba ne. Busol sunansa. Arewa yake nunawa."

"Wanda ya san gabas don salla ai ya san arewa."

"A ƙasan ruwan Lagdo babu gabas, Dada. Ko tafin hannunki ba za ki gani ba sai kin kawo shi bakin hanci. Wannan ne idona a can."

Gidan babu kowa, ƙannensa duk suna makaranta, shi ya sa na bari ya ci gaba. Ya ɗora abin a wuyan hannunsa na hagu, ya ce dole ya kama tam a kan rigar robar da suke sawa, don in ya goce ko kaɗan, hanya ta goce. Ya nuna min wani jan layi a kan gilashin, ya ce wannan shi ne hancinka, inda ya kalla nan za ka. Ya miƙa hannun dama gaba, ya kama gwiwar hannun da na hagu, sai ga busol ɗin ya zauna daidai gaban fuskarsa. Ya ce a kwance ake riƙe shi kamar kwanon da aka cika da miya, in ka karkata allurar ta maƙale. Sannan ya murɗa wani zobe mai lambobi da ke kewaye da gilashin, yana ƙas ƙas, har wasu 'yan haƙora biyu suka sa kan allurar a tsakiya.

"Shef, wato shugabanmu mai koya mana, zai ba ni lamba a cikin jirgi," in ji shi. "In saita, in nutse, in yi ta tafiya ina ƙirga bugun ƙafa, kada in bar allurar ta fita daga tsakanin haƙoran nan. Zan tarar da wani dutsen siminti a ƙasa, in taɓa shi, in juyo. Shi ke nan. Karanta min wannan."

"Casa'in," na ce.

"Wannan fa?"

"Ɗari da tamanin."

"Kai, Dada! Ajin manya bai ci kuɗin alli a banza ba. Jibi ke za ki shiga min."

Na danne dariyata da gefen mayafi. Ban tuna rabon da mu yi doguwar magana irin wannan ni da shi ba. Ya cire busol ɗin ya miƙo min, ya ce, "Abu ɗaya ne kawai ba ya so, shi ne..."

Daidai nan aka yi sallama. Goggonsu ce, yayar mahaifinsa, mace mai baki kamar reza. Tana shigowa ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Iye! Yau kuma hira ake da ɗan fari, kai da kai? Zamani ya zo mana har tsakar gida." Kunya ta rufe ni. Na miƙe zumbur na ce masa, "Ajiye a nan, ka tafi, na ji." Ya buɗe baki zai ƙarasa, na juya masa baya na shiga ɗebo wa Goggo ruwa. Da na fito ya fita.

Kalma ɗaya ta rage a bakinsa. Na sha zama ina auna nauyin kalmar nan da nauyin kunyar da na ji a ranar.

Washegari bayan la'asar na zauna yin maɗaurin. Na yanka roba mai faɗi, na ninka ta biyu don ƙarfi. Ina ɗinki maganarsa tana dawo min: ko tafin hannunki ba za ki gani ba. Ina ganin fuskar ƙanena ranar da aka fito da shi. A wurinmu an san mutanen ruwa ba sa son ƙarfe, shi ya sa ake sa wa jariri 'yar wuƙa a ƙarƙashin matashi har a yi arba'in. Wuƙar da aka sa wa ɗana ranar da na haife shi ta daɗe da karyewa, amma bakinta yana nan a cikin gwangwanin maɓallaina, ɗan guntu kamar farce. Na ɗauko shi, na naɗe a baƙin ƙyalle, na tofa addu'a, na cusa tsakanin ninkin robar, daidai inda cikin busol ɗin zai zauna. Na bi da ƙananan ɗinki yadda ko tela ɗan'uwana ba zai gane ba. Na ji sanyi a raina. Abin da bakina ya kasa faɗa shekara ashirin da wani abu, hannuna ya faɗa.

Ya zo da magariba a gaggauce, motar Lagdo na jiransa. Ya ja robar ya ga ta yi ƙarfi, ya yi min godiya da Fulatanci, "Useko, Dada," ya jefa a jaka. Na ce, "Allah ya tsare," ina kallon keke.

Uwa ba ta bin ɗan fari wurin jarrabawa, don haka da safe na ce wa Goggo busasshen kifi ya ƙare mana, kuma na Lagdo ya fi na kasuwarmu kyau. Ta dube ni sama da ƙasa. "Kifi ko? To, mu je in taya ki zaɓen kifin. Kada dai ki zaɓo mai tukunya a baya."

Mun isa da hantsi. Mutane sun taru a bakin ruwa, masunta, mata masu suyar kifi, 'yan kallo. Can a tsakiya jirgi ne ɗauke da masu jarrabawar da shef ɗinsu, wani dattijo gajere mutumin kudu. Kowane mai nutso yana jan igiya da jar jarka a ƙarshenta, jarkar na yawo a saman ruwa don a san inda yake. Biyu suka shiga suka fito, jarkarsu ta tafi ɗoɗar ta dawo ɗoɗar. Na ukun, ko da gilashi ya rufe masa fuska na gane shi da yadda yake ɗaga kafaɗa. Na ga shef ya faɗa masa magana, na ga ya miƙa hannun dama, ya kama da hagu, ya murɗa zoben. Sai ya faɗa ruwa da baya.

Jarkar ta fara tafiya. Ni ban ga wani aibu ba, sai wani tsohon masunci kusa da mu ya dafa goshi ya ce, "A'a. Wannan ina za shi?" Sauran sun nufi wajen wani tsibiri ne, tasa kuwa tana karkata hagu, a hankali, a hankali, ba ta ko tsayawa, tafiyar wanda ya tabbata yana kan hanya. Tsohon ya ce, "Can fa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Tsofaffin taruna ne fal a jikinsu."

Na ji ana buga ƙarfe a jikin jirgi, ƙwal ƙwal ƙwal, alamar ya fito. Jarkar ta tsaya. Ta yi rawa. Sai ta nutse rabi, ta taso, ta sake nutsewa.

Goggo ta rafka salati tana kiran sunansa da ƙarfi. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kwandon kifi. Ko a wannan lokacin ban kira shi ba. Jirgin ya juya, wani ya faɗa ruwa ya bi igiyar. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Abin da na sani shi ne ya fito da kansa, a wani wuri dabam, ya ɓullo da ƙarfi kamar gorar da aka danna aka saki. Da aka kawo shi gaɓa akwai guntun taru a wuyansa da ƙafarsa, jini na bin kunnensa na hagu, ya kasa tsayuwa, ƙasa na juya masa. Ya yanke tarun da wuƙarsa, iskar ta kusa ƙarewa, ya taso da saurin da ba a tasowa.

A motar da ta kawo mu asibiti a Garoua, abin da nake faɗa a zuciyata shi ne: da ban sa ƙarfen nan ba, da mutanen ruwa sun riƙe shi. Har godiya nake wa kaina. Ku dubi wannan.

Likita ya ce cikin kunnen ya taɓu, da wuya ya sake ji da shi, kuma nutso ya ƙare masa har abada. Ya juya fuska bango. Shef ɗin ya zo duba shi, ya yi magana da taushi, ya ce yakan faru, mutum ya rikice a cikin duhu ya kasa karanta busol. Ɗana ya ce, "Allurar tana tsakiya, shef. Ban bar ta ta fita ba." Dattijon ya dafa kafaɗarsa kawai, irin dafawar da ake yi wa wanda ba a yarda da maganarsa ba.

A rana ta biyu wani abokin karatunsa ya kawo jakar kayansa. Ɗana na barci. Ina gyara kayan na fito da busol ɗin, na rataya shi a ƙarfen gado don ya sha iska. Abokin ya miƙo hannu da sauri ya cire.

"Mama, kada ki sa shi nan. Ba ya son ƙarfe."

"Ba ya son me?"

"Ƙarfe. Duba ki gani." Ya fito da makullin babur ɗinsa ya kai kusa da gilashin. Allurar ta bar inda take ta bi makullin kamar akuya ta ga dusa. "Ko ƙusa ce ta matso kusa, sai ya yi miki ƙarya, kuma ba za ki san ƙarya yake ba."

Na ce zan je alwala. Na fita bayan ɗakin na zauna a kan wani bulo. Kalmar da na juya wa baya ke nan.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in koma ciki, in tashe shi, in faɗa masa, in je in sami shef in ce yaron nan bai rikice ba, uwarsa ce. Kunnen ba zai dawo ba, amma da sunansa ya dawo, da ya san hannunsa da idonsa ba su ci amanarsa ba. Ban yi ba. Na ce sai ya warke. Da ya warke na ce sai ya huce. Bayan an sallamo shi da mako guda, ya fita, na buɗe jakar don in farke ɗinkin in jefar da abin a masai. Sai na tarar robar a tsage daidai wurin, ƙarfen babu. Na ce wa kaina wuƙarsa ce ta yanke lokacin da yake fama da taru, ƙarfen yana ƙasan Lagdo. Na yarda da wannan don shi ya fi min sauƙi.

Ya zauna gida wata biyu ba ya magana sosai. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni ne na rikice." Goggo kuwa duk inda ta zauna sai ta ce, "Dama wa ya aike shi? Ɗan mutum da aikin kifi." Ina ji, ina ɗinki. Daga baya ya sami aikin gyaran motocin auduga a Touboro, ya tafi. Shekara guda bai zo ba, sai saƙon gaisuwa a bakin direbobi. A can ya yi aure, 'yan'uwan mahaifinsa suka tsaya masa. Ya koma zuwa da salla, ya gaishe ni, ya karkato kunnen dama in ina magana, don muryata ba ta da ƙarfi tun asali. Duk karkatowar nan sai in ji kamar an soka min allura.

Shekara huɗu bayan abin, matarsa ta haifi mace. Na tafi Touboro suna, da 'yar sabuwar wuƙa a cikin jakata. Da na shiga ɗakin mai jego, bayan an gama gaisuwa, na ɗaga matashin jaririyar zan sa. Akwai wani abu a wurin. Ɗan ƙullin baƙin ƙyalle, ya koɗe, da ragowar zare a gefensa. Tela ba ta ɓata ɗinkinta.

Matar ta ce, "Shi ya ba ni, Dada. Ya ce naki ne, da shi aka tsare shi yana jariri."

Na same shi a bayan gida shi kaɗai, yana ɗaure ragon suna. Na tsaya a gefensa. Na tattara duk abin da ke cikina na ce, "Ni ce na sa. Ka yafe min." Bai ko motsa ba, ya ci gaba da ƙulla igiya. Na ɗauka fushi ne. Sai ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Dada, magana kike? Wannan ɓangaren ba ya ji. Zagayo."

Na zagaya ragon. Akwai mata a bakin murhu ba nisa, Goggo na cikinsu. Na kira sunansa, karo na farko tun da aka raɗa masa shi, da muryar da ban san ina da ita ba. Na ce ni ce na ɗinke ƙarfe a maɗaurin busol ɗinsa, bai rikice ba, ni na ɓatar da shi. Muciya ta tsaya a hannun masu tuƙi.

Ya daɗe yana kallon igiyar hannunsa. Ya ce, "Na sani tun muna asibiti. Na rasa abin da ya sa allurar ta yi min ƙarya, na yi ta lalubar robar har na ji tauri."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce wa shef me? Uwata ce? Na yi fushi, Dada, ba zan ɓoye miki ba. Shi ya kawo ni garin nan. Shekara guda in na tuna sai in kasa cin abinci. Amma ranar da na farke robar nan ita ce ranar da na fara sanin kina tsoron in mutu. Da kin faɗa min da baki, da na ce ki sa min shi a aljihun jaka."

A aljihun jaka. Abin da ya raba ɗana da kunnensa da aikin da yake so bai wuce wannan ba.

Ya yafe min, kuma na san da gaske yake. Amma yafiya ba ta mayar masa da ruwa ba. In mun bi ta kan gada a mota har yanzu sai ya juya kai yana kallon kogin har mu wuce. Busol ɗin yana rataye a ƙusar katako a ɗakinsa, nesa da komai.

Abin da na koya, da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya ba. In ɗanku ya tsuguna yana nuna muku aikinsa, ku bari ya kai ƙarshen magana, ko wa ya yi sallama. Kada ku sa hannu a ɓoye cikin abin da ba ku san kansa ba, ko da addu'a ce a bakinku. In kuna tsoro, ku ce kuna tsoro. Ni da na ƙi faɗa masa a hankali lokacin da yake da kunne biyu, yanzu duk abin da zan gaya masa sai na zagaya dama na ɗaga murya, kowa na ji.